Kada ka kwana da kuɗin gida a hannu

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar riɗi da dawa. A watan Disamba na 2023, da garin Madani ya faɗi a yaƙin da ake yi a nan Sudan, na kwaso iyalina da mahaifiyata muka sauka a Gadarif, muka kama haya. Allah Ya sa wa abin albarka, harkata ta zauna a nan, yara sun shiga makaranta, ba ni da niyyar komawa. Sai dai haya ta ishe ni, ba a wata nawa sai mai gida ya yi ƙari.

Muna da gida a Madani, na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Mu biyar ya bari: ni da ƙanena da ke Mai Wurno, da mata uku, ɗayarsu tana aure a Jidda. Sai Inna. Ni na ci gaba da zama a gidan bayan rasuwarsa, har na ƙara ɗakuna biyu da kuɗina. Yanzu wani dillali ya samo mai saye, zai ba da rabi nan take, rabi bayan wata uku. A nan Gadarif kuma na ga gidan da ya kwanta mini a rai, amma mai sayarwa yana son kuɗinsa dunƙule, kuma kowane mako sai ya ɗaga farashi. Ba sunansa ne ma a takarda ba, tawkili ne a hannunsa, wato takardar wakilcin mai gida. Dillalin Madani yana kirana safe da yamma, wai in ban amsa a makon nan ba mai sayen zai tafi. Inna ta yi shiru, in na ɗauko maganar sai ta tashi. Maiɗakina kuwa kullum tambayarta yaushe za mu tashi. Barci ya ƙaurace wa idona. Kawu, in fara sayarwa in nemi ciko, ko in ci bashi in kama na Gadarif tukuna?

Ɗanka, daga Gadarif.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana.

Ka tambaye ni wanne za ka fara. A makon nan dai ba za ka fara ko ɗaya ba. Ba don ina ganin shawarar komawa Gadarif ba ta yi ba; mutum inda abincinsa yake nan ya kamata ya kafa turke, kuma ban ga laifin wanda ya gaji da mai gidan haya ba. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, lissafin da kake kwana kana yi a kan kuɗin da ba naka ba ne kake yin sa.

Ka rubuto mini cewa "muna da gida", amma duk shirin da ka zayyana na mai cewa "ina da gida" ne. Bari mu raba shi kamar yadda alƙali zai raba. In dai mahaifinku bai bar wata matar ba, iyayensa ba su raye lokacin da ya rasu, kuma babu bashi ko wasiyya, to Inna tana da sumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Bakwai ɗin da suka rage, kai biyu, ƙanenka biyu, 'yan'uwanka mata kowacce ɗaya. Naka rubu'i ne. Duk farashin da dillali ya faɗa maka, ka raba shi huɗu, ka ɗauki ɗaya, ka ajiye kusa da kuɗin gidan Gadarif, sannan ka sake duban cikon da kake cewa za ka nema. Ina zaton ba ƙaramin ciko ba ne.

Na san abin da za ka ce: ai 'yan'uwana ba za su hana ni ba. Mai yiwuwa ne. Amma rashin hanawa daban, bayarwa daban. Ƙanwar da ke kunyar yayanta ba za ta buɗe baki ta ce a ba ta nata ba, sai ta haɗiye, bayan shekara goma 'ya'yanta su ɗauko maganar a gaban naka. Ka tambayi kowa shi kaɗai, ba a taro ba, kuma ba ta bakin mijinta ba. Wanda ke son kuɗinsa ya karɓa ranar da aka sayar. Wanda ya yarda ya ranta maka kasonsa, a rubuta nawa ne, yaushe za ka biya, da wane ma'auni. Wanda ya ce ya bar maka kyauta, ya faɗa gaban shaidu, a rubuta. Akwai kuma abin da malaman gado ke kira takharuji, inda magaji zai karɓi wani abu da aka daidaita a kai ya fita daga gadon. Ana yin sa a kotu, kuma yana rage hayaniya sosai. Hanyar da ba na so ita ce ku kwashi kuɗin gaba ɗaya ku sayi gidan Gadarif da sunanka kai kaɗai, a kan cewa ai gidan kowa ne. Wannan ɗauko rigimar Madani ne a sauke ta a Gadarif, kuma a wannan karon babu ko takardar da ke nuna na mahaifinku ne.

Ɗakuna biyun da ka gina haƙƙinka ne, amma a yi musu kuɗi kafin a sayar, ba bayan kuɗi ya shigo ba. Ku samo maginin da kowa ya yarda da shi ya ƙiyasta. Ka kuma sassauta a nan, domin in ka tsananta lissafin siminti da bulo, wani zai tuna cewa ka yi shekaru a gidan ba ka biyan kowa haya.

Shirun Inna shi ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarka. Tsohuwar da ke tashi in an ɗauko magana ta riga ta ba da amsa, kai ne ba ka so ka ji. Ba sumuni take lissafawa ba. A gidan nan ta yi aurenta, daga nan aka fitar da gawar mijinta, maƙwabtanta na shekaru suna can ko suna shirin komawa. Tun da sojoji suka karɓe Madani a watan Janairu na 2025 mutane ke ta komawa, kuma kada ka yi mamaki in ita ma abin da take jira ke nan. Ka samu ƙanwarta ko wata aminiyarta ta tambaye ta, tunda kai ba za ta faɗa maka ba. In ta ce gida take so, to zance ya canza gaba ɗaya: sai dai ka sayar wa ƙanenka kasonka, wanda dama a fiƙihunmu na Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba shi ya fi bare haƙƙin saye, ko a gyara gidan a sa 'yan haya a wani sashe, kuɗin ya riƙa rage maka nauyin hayar Gadarif. In kuma ta ce a sayar, ka gaya mata tun yanzu ɗakin da zai zama nata a sabon gidan, ka kai ta ta gani da idonta.

To a ce kowa ya yarda. Sai mu zo ga dillali da wayarsa.

Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka kowane mako a wurinsa shi ne makon ƙarshe. Ka lura da inda kake tsaye. Kana shirin sayarwa a garin da yanzu yake farfaɗowa, inda masu kuɗi a hannu ke zagayawa suna neman wanda ya matsu, kuma kana shirin saye a garin da ya cika maƙil da waɗanda yaƙi ya koro, har farashin gida da na haya suka yi sama. Arha za ka sayar, tsada za ka saya. Ban ce ka jira har abin ya juye ba, domin gobe ta Allah ce, kuma haya tana cin ka kowane wata. Na dai ce wanda ke cikin wannan hali bai kamata ya ƙara wa kansa da gaggawa ba. Ka gaya wa dillalin cewa gida na magada ne, ana haɗa takardu. Mai sayen da gaske yake ya san ko ya biya yau ba za a juya masa suna ba sai da takardun nan, don haka zai jira. Wanda ya ce shi ba ruwansa da takardu, a dai karɓi rabi a ba shi makulli, ka ji tsoronsa.

Maganar rabi yanzu rabi bayan wata uku kuwa, ita ce ramin da na fi ji maka tsoro. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin halin jine, kuɗinmu na Sudan. Kafin Afrilu na 2023 dala ɗaya wajen jine 600 take. A cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwa, a 2025 ta haura 3,000. Mai gidan Gadarif da ke ɗaga maka farashi kowane mako ba lallai haɗama ce kaɗai ke damunsa ba, kuɗin ne ke narkewa yana bin sa a guje. Ɗauki misali: a ce an sayar da gidanku miliyan 100, an ba ku 50, saura 50 sai bayan wata uku. In a watannin nan jine ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa, hamsin ɗin da za a kawo muku aikin arba'in zai yi. Hamsin ɗin farko ma da ke zaune a banki yana jiran ɗan'uwansa, shi ma aikin arba'in zai yi, tunda bai isa ya sayi gidan shi kaɗai ba. Kun sayar a ɗari, kun ci tamanin, gidan da kake so kuma ya yi gaba. Ba wanda ya sace maka ko sisi, amma ka fita daga gida ba ka shiga gida ba.

Duk hatsarin wannan harka yana cikin kwanakin da ke tsakanin ranar da ka saki gida da ranar da ka kama wani. Aikinka shi ne ka matse kwanakin nan har su koma biyu ko uku. Duk wani jinkiri, duk wani bincike, duk wata tafiya, a yi su kafin a karɓi kuɗin kowa. Gara ka rage wa mai sayen wani abu a farashi ya biya dunƙule, da ka riƙe farashi mai daɗin faɗa ana biyanka da guntu-guntu. In ya ce ba shi da shi sai bayan wata uku, to ya dawo bayan wata uku a yi ciniki da farashin ranar. In kuwa dole ta sa ka karɓi biya biyu, kada suna ya juya, kada makulli ya fita, sai an cika. Zai ce zai ba ka cek mai kwanan wata a gaba, ya tuna maka cewa sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 yana kai wanda cek ɗinsa ya dawo babu kuɗi gidan yari. Gaskiya ne. Amma zamansa a kurkuku ba zai saya maka gida ba, kuma ranar da zai biya, adadin da ke rubuce zai biya, ba ƙimar da kuɗin ke da ita ranar da aka rubuta ba.

Kada kuma shaiɗanin kasuwa ya raɗa maka cewa ka juya rabin nan a riɗi kafin wata ukun su cika. Na san ku 'yan kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ba ku iya ganin kuɗi a kwance. Kashi uku cikin huɗu na kuɗin nan na Inna ne da 'yan'uwanka.

Cin bashi don ka fara kama na Gadarif, shi ma ban goyi baya ba. Wani zai ce ai faɗuwar jine mai bashi take taimako. Haka ne, kuma shi ya sa ba mai ba ka bashin a jine sai da riba mai nauyi. Banki zai yi maka murabaha, wato ya saya ya sayar maka da riba, ya ɗora abin da zai kare kansa, ya kuma riƙe gida jingina. Surukinka na Jidda in ya ranta maka, da riyal zai ranta, kai za ka ɗauki duk faɗuwar. Abokin da ya ba ka a jine don kunya, shi za ka cuta. Ga shi kuma abin da kake dogaro da shi wajen biya gida ne da ba a riga an sayar ba, wanda mutum shida ke da magana a kansa. Jarin kasuwarka ma kada ka zuba shi duka. Gidan da ya cinye jari, daga baya shi ake sayarwa a ci abinci. In rubu'inka da abin da ka tara ba su kai gidan da ya kwanta maka ba, ka nemi wanda suka kai, ko fili mai takarda da ɗaki biyu ka riƙa ƙarawa. Ka taɓa ƙara ɗakuna a gidan da ba naka kaɗai ba, ba zai gagare ka a naka ba.

Takardun Madani su za su fi cin lokaci, don haka da su za ka fara gobe. Sai kun je kotun da ke duba al'amuran iyali ta fitar da i'ilamin gado, mai ɗauke da sunan kowane magaji da kasonsa. Kowa ya tanadi lambarsa ta ɗan ƙasa. Ka duba yadda aka rubuta sunan mahaifinku a rajistar filaye da yadda yake a katunanku, domin mu Hausawa wannan yana yawan ba mu wahala: a wata takarda Abubakar, a wata Babikir, ko sunan kaka ya faɗi a ɗaya ya fito a ɗaya. Harafi guda yana iya tsayar da ciniki makonni, kuma gara ka gano shi yanzu da ka gano shi ranar da mai saye ke zaune a ofishin lauya. 'Yar'uwarku ta Jidda ta je ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke can ta yi tawkili, a ambaci lambar fili da murabba'i, wato rukunin gidajen da yake ciki, da unguwa a takardar, a kuma faɗi ƙarara cewa na sayarwa ne da karɓar kuɗi. Lauya zai gaya maka tambarin da ake ƙara masa in ya iso. Sannan shahadar bahas, takardar da ke nuna sunan mai fili, daga ofishin rajistar filaye, wadda ake fitarwa don sayarwa. Ita tana da wa'adi, kada ka fitar da ita da wuri ta mutu a aljihunka. Akwai takardun wanke kai na awayid, wato kuɗin da hukumar gari ke karɓa a kan gidaje, da haraji da Diwanin Zakka. In filin na hikiri ne, wato na gwamnati da aka ba da na wasu shekaru, kamar yawancin filayen zama a garuruwanmu, a duba ko wa'adinsa bai ƙare ba.

Kuma ka je da ƙafarka. Ban ga inda ka ce ka leƙa gidan tun da kuka fito ba. Tafiyar kilomita ɗari biyu da wani abu ce ta hanyar Fau, ba ta kai a yi cinikin biri a sama ba. Gidaje da yawa a Madani an kwashe musu ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin lantarki saboda tagulla. Wasu kuma an tarar da mutane a ciki. Dillali zai iya gaya maka gidan ya zama kufai don ka sassauta, ya gaya wa mai saye lafiyarsa ƙalau don ya ƙara. Ka gani da idonka, ka tambayi maƙwabta nawa aka sayar da na kusa, ka ji bakin dillali na biyu da na uku. In ka ga wani ƙarfe da ba ka gane ba a tsakar gida ko kan rufi, kada ka taɓa, kada yaro ya taɓa, a kira hukuma. Duk aibin da ka gani ka faɗa wa mai saye, a rubuta a yarjejeniya cewa ya gani ya yarda. Addini ya wajabta, kuma shi ne zai hana a dawo maka da ciniki bayan ka riga ka kashe kuɗin.

Gidan Gadarif da tawkilinsa. Tawkili ba laifi ba ne, yaƙi ya warwatsa mutane, rabin masu gidaje suna Masar ko Saudiyya ko Bur Sudan, kai ma da tawkilin ƙanwarka za ka sayar. Amma tawkili yana mutuwa in mai shi ya mutu, yana faɗuwa in ya janye shi, kuma ana ƙirƙirar na jabu. Ka ce a haɗa ka da mai gidan ta kiran bidiyo, ka gan shi riƙe da katinsa, ka ji daga bakinsa cewa ya sa a sayar, da nawa, da kuma asusun da za a zuba kuɗi. Na fi son kuɗin ya tafi asusun mai suna a takarda kai tsaye. Lauyanka, naka na kanka ba wanda dillali ya kawo ba, ya bi sawun tawkilin har inda aka yi shi. In aka ce wannan ya karɓa daga wancan, wancan ma tawkili ya saya da shi, ka tattara takalmanka. Shahadar bahas kuma kada ka yarda da hoton da aka turo maka a WhatsApp. A fitar da sabuwa kana tsaye, a ga sunan wa ke ciki, a ga ko akwai jingina ko kotu ta sa hannu a kan gidan. In aka ce maka ai hiyaza ce, wato riƙon fili ba rajista, ka san abin da kake saye: tun dokar 1970 ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ake ɗaukarta, zama kawai kake saye, kuma ranar da tsarin gari ya biyo ta kanta ba ka da bakin magana sosai. Mutanenmu da yawa suna zaune a irinta lafiya, amma ba a biyan kuɗin mai rajista a kanta, kuma ni ba zan zuba gadon marayu a ciki ba. Ka kuma kawo mai auna filaye ya tabbatar cewa lambar da ke takarda ita ce ta gidan da aka nuna maka.

Shi kansa ginin, Gadarif ba Madani ba ce. Baƙar laka ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana wasa da tushen gini. Sabon fenti a gidan da ake sayarwa abin tambaya ne. Ka kai magini ya duba kusurwoyi da saman ƙofofi, ya ga ko ƙofa tana cijewa. Ka tambayi maƙwabta, ba mai sayarwa ba, inda ruwa ke kaiwa in an yi mamako, musamman in gidan yana kusa da Khor Abu Farga ko wani kwari. Ka kuma tambayi ruwan sha, wanda ka san shi ne tsohon ciwon garin: famfo yana zuwa, sau nawa, ko kuwa sai an saya a kura? Gidan da ya yi arha amma ana sayen ruwa kullum, hayarsa ba ta ƙare ba.

In komai ya yi daidai ta ɓangaren biyu, sai a tsayar da rana. A nan ne kafin alƙalami ke da amfani: ka ba mai gidan Gadarif ɗan abin da ba zai karya ka ba, a rubuta gaban lauya cewa farashi ya tsaya a kaza har zuwa rana kaza, kwana goma ko makamancin haka. Kai ma ka karɓi irinsa a hannun mai sayen Madani da rana ɗaya ko ta kusa. A rubuta abin da zai faru da kuɗin in wani ya fasa. Imamu Malik bai yarda mai sayarwa ya cinye arbun, wato kafin alƙalamin, in ciniki ya warware ba, wasu malamai sun halatta, don haka kada a bar shi a baki. Ni dai na fi son a rubuta cewa in aibin daga takarda ne, kuɗi ya dawo cif. Wani ƙaramin abu da ke haddasa babbar rigima: har yau mutanenmu suna cewa "milyar", wato biliyan, suna nufin miliyan, saboda tsohon kuɗi. A rubuta farashi da lamba da kuma kalmomi, a karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ranar biya, a cikin banki za a yi ta. Kada a kawo maka kuɗi a buhu. Ka tuna yadda aka sha wahala da canjin takardun 500 da 1,000 a Disamba na 2024, ga jabu, ga hanya. Kada kuma ka yarda da hoton sanarwar Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, da wani ya nuna maka a wayarsa, ana haɗa na ƙarya. Abin da ka gani a asusunka shi ne kuɗi. Manhajar tana da iyakar abin da ake turawa a rana, intanet kuma yana ɗaukewa lokacin da aka fi bukatarsa, don haka ka je reshen bankinka tun kafin ranar ka tambayi yadda za a tura kuɗi mai yawa a zama ɗaya, ko a yi cek ɗin da banki da kansa ya tabbatar. Kason kowane magaji ya wuce asusunsa a ranar. Naka ya wuce Gadarif washegari. Ka ware wani abu tun farko na la'ada nan da can, da lauya, da kuɗin rajista, da mota, da gyaran da ba ka gani ba sai ka shiga. A daidaita la'adar da wanda zai biya ta kafin ciniki, domin bayan ciniki bakin dillali ya fi naka tsawo.

Maiɗakinka ba ta yi laifi ba da take tambaya. Ita ke fama da gidan haya yini guda, kai kana kasuwa. Abin da ke sa ta maimaita tambayar shi ne ba ta san inda aka kwana ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiyar lissafi, har da rubu'in, ka ce mata abin zai ɗauki watanni ba makonni ba. Ka tafi da ita duba gidaje, za ta ga abin da ba za ka gani ba, kamar inda hayaƙin madafa zai bi da ko Inna za ta iya taka matakalar bayi. Dillalai kuma ka yanka musu lokaci, bayan la'asar misali, in ya wuce ka kife wayar. In rashin barcin ya ci gaba bayan ka sauke wannan gaggawar, ko ka fara jin ciwon kai da bugun zuciya, ka je a auna maka jini.

Kada ka sallami gidan hayar da kake ciki sai makullin sabon yana hannunka kuma an fara juya suna. Ka biya wata guda na ƙari ko da yana maka ciwo. A yarjejeniyar Gadarif a rubuta ranar da za a ba ka gidan babu kowa a ciki, domin in akwai ɗan haya ko dangin mai gida da suka fake a can, fitar da su aikin mai sayarwa ne, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin a hannun lauya har sai ya yi. A karanta mitar wuta da ta ruwa gaban shaidu, a biya tsohon bashi kafin ka sa hannu. Haka kai ma za ka yi wa mai sayen Madani: ku kwashe abin da ya rage na mahaifinku, littattafansa da allunansa in sun tsira, a kai wa Inna ta raba yadda ta ga dama, sannan a miƙa makulli.

Kawunku.